Dutsen kabari, tuta da begila: bitar hidimar da Amurka ke yi wa tsohon soja idan ya rasu

A Amurka akwai wani irin dattijo da kusan kowane gari mai masana'anta ya san shi. Ya yi shekara uku ko huɗu cikin kaki tun yana saurayi, aka sallame shi, ya shiga kamfanin ƙarfe ko na takarda ko na haɗa motoci, ya shafe shekara talatin da ɗoriya yana karɓa-karɓar aikin dare da na rana. Ranar hutu ba a samunsa a gida, yana bakin tafki da fatsarsa ko cikin daji lokacin farautar barewa. Idan ya cika, iyalinsa suna son a tuna da shi gaba ɗayansa: soja, ma'aikaci, mutumin daji. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda kowa ke kira VA, tana da hidimar da ta tanadar wa irin wannan rana ta hannun sashenta na makabartun ƙasa. Hukuncinmu a kanta shi ne hidima ce mai kyau ƙwarai, mai mutunci, kuma mafi yawanta kyauta, amma shekarun kaki kaɗai take gani. Sauran rayuwar mutumin iyali ne za su nema mata gurbi a 'yan wuraren da aka bari, kuma wanda bai san wuraren ba sai ya rasa su.

Komai yana rataye ne a kan takarda guda, takardar sallama daga aikin soja mai lamba DD 214. Ita ke nuna rundunar da ya yi wa aiki, ranar shiga da ta fita, muƙaminsa, lambobin yabonsa, da irin sallamar da aka yi masa. Wanda aka kora korar wulaƙanci ba ya cikin masu wannan haƙƙi. Ƙaramin sojan da ya shiga aiki bayan 7 ga Satumba 1980, da hafsan da ya shiga bayan 16 ga Oktoba 1981, ana buƙatar su cika wata 24 a jere, ko su cika wa'adin da aka kira su a kai, ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai. Inda abin ke tsayawa ga yawancin iyalai ba wajen cancanta ba ne, wajen nemo takardar ne. Mutumin da aka sallama shekara hamsin da suka wuce ya sauya gida sau uku, takardar tana ƙasan wani akwati da babu wanda ya san inda yake, ga gawa tana jira. Ana iya neman kwafi daga cibiyar adana bayanan ma'aikatan gwamnati da ke birnin St. Louis da fom mai lamba SF-180, kuma suna da hanyar gaggawa idan an bayyana cewa jana'iza ce. Sai dai a ranar 12 ga Yuli 1973 gobara ta ci fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18 a wannan cibiya. Kusan kashi 80 cikin ɗari na fayilolin sojan ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da farkon 1960 sun tafi, haka ma kusan kashi 75 na wani kaso na sojan sama da aka sallama tsakanin 1947 da farkon 1964. Wanda ya yi yaƙin Koriya yana iya faɗawa ciki. Cibiyar tana harhaɗa shaida daga takardun albashi da wasu rajistoci, amma wannan aiki ne na makonni, ba na kwana biyu ba. Shi ya sa muke ganin fom mai lamba 40-10007, wanda mutum ke cikewa tun yana raye don a tabbatar masa da cancantar binnewa a makabartar ƙasa, shi ne mafi amfani a duk tsarin, kuma shi aka fi mantawa da shi.

Zaɓi na farko da ke gaban iyali shi ne wurin binnewa. Makabartun ƙasa da VA ke gudanarwa sun haura 150. Arlington, shahararriyar makabartar soja da ke kusa da birnin Washington, ba ta cikinsu, rundunar sojan ƙasa ce ke riƙe da ita kuma sharuɗɗanta sun fi tsauri. A makabartar ƙasa ba a biyan kuɗin fili, ko haƙa da rufewa, ko akwatin kankare da ake sakawa cikin ramin, ko dutse, ko kula da kabarin har abada. Matarsa ma tana da haƙƙin a binne ta tare da shi. Abin da ke kan iyali shi ne kuɗin kamfanin shirya jana'iza, akwatin gawa da sufuri. Wajen tsafta da tsari ba mu da abin cewa, layukan duwatsun nan a miƙe suke kamar an ja da zare. Amma akwai abu biyu da ke ba iyali mamaki. Taron bankwana ba a bakin kabari ake yinsa ba, a wata rumfa ce da aka tanada, kuma kusan minti ashirin ne, don wata gawar tana biye. Sannan galibi daga Litinin zuwa Juma'a ake binnewa. Iyalin Musulmi da ke son gaggauta sutura, idan rasuwar ta faɗo daren Juma'a, wannan na iya zama musu babban cikas, kuma gara a yi wa ofishin tsara lokaci bayani tun kiran farko. A 2024 an buɗe sassan gwaji na binnewa ba tare da sinadarin adana gawa ba, cikin likkafani ko akwati mai ruɓewa, a makabartu uku: ta Phoenix a Arizona, ta Pikes Peak a Colorado, da ta Bushnell a Florida. Ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana son ƙasa da itatuwa, wannan ya dace da shi sosai, illa dai wurare uku ba su isa ƙasa mai wannan faɗi ba.

Da yawa daga cikin irin waɗannan dattawa sun fi son makabartar garinsu, kusa da iyayensu. A nan ne fom mai lamba 40-1330, na neman dutsen kabari daga gwamnati, ke shigowa, kuma a nan ne ya kamata a nutsu.

Dutse mai tsayuwa tsawonsa inci 42, faɗinsa 13, kaurinsa 4, nauyinsa kusan kilo 104, na mabul ko na giranit. Ba dukansa ke fitowa ba, wani kaso mai yawa yana shiga ƙasa don ya riƙe shi. Dutse shimfiɗaɗɗe inci 24 ne da 12, kauri 4, kusan kilo 59. Allon tagulla shimfiɗaɗɗe shi ma 24 da 12 ne, tudunsa kashi uku cikin huɗu na inci, nauyinsa kusan kilo 8, kuma yana zuwa da ƙusoshi masu zare, noti da washa na ɗaure shi. Abin da ba ya zuwa da shi shi ne gindin da za a ɗaure shi a kai. Wannan gindi na giranit ko kankare iyali ne ke saye. Akwai kuma ƙaramin allon tagulla, inci 8 da rabi da 5 da rabi, na gurbin bango inda ake ajiye tokar waɗanda aka ƙona gawarsu.

In za a bi ta tamu, giranit ya fi ga makabartar da babu ma'aikatan da ke wanke duwatsu a kai a kai. Mabul ya fi kyan gani, shi ne farin nan da ake gani a hotuna, amma dutse ne mai laushi da ke shan ruwa. A wuri mai inuwa da danshi gansakuka tana kama shi, ruwan sama mai tsami yana cin bakin haruffa a hankali. Tagulla tana jurewa, sai dai shimfiɗaɗɗen allo yana shan wahalar injin yankan ciyawa, kuma idan gindinsa bai zauna a kan ƙasa mai ƙarfi ba, gefe guda yakan nitse bayan damina biyu ko uku, ciyawa ta hau kansa.

Ana ƙera dutsen a aiko shi kyauta, har zuwa wata ƙasa idan can kabarin yake. Kuɗin kafa shi kuwa na iyali ne, kuma makabartu masu zaman kansu suna cajin kuɗin tushe da na kafawa, kowace da farashinta. Wannan shi ne abin da ya fi ɓata wa mutane rai, domin sun ji an ce kyauta. A tambayi makabarta a rubuce kafin a cike fom. A tambaye su kuma wane iri suke karɓa, don wasu sassan ba sa yarda da dutse mai tsayuwa sam. Fom ɗin yana buƙatar sa hannun jami'in makabarta da na wanda ya amince zai karɓi kayan, da adireshin da babbar mota za ta iya zuwa, ba akwatin gidan waya ba. Rashin ɗaya daga cikin waɗannan yana mayar da takarda baya. A jihohin arewa kuma, idan ƙasa ta daskare da hunturu ba a zuba tushe, dutsen da ya iso a Disamba sai ya jira bazara.

Idan iyali sun riga sun sayi nasu dutsen, akwai hanya biyu. Wanda ya rasu daga 1 ga Nuwamba 1990 zuwa yau ana iya ba shi dutsen gwamnati ƙari a kan na iyali, wasu kan shimfiɗa shi wajen ƙafa. Ko kuma a nemi tambarin tagulla da fom 40-1330M, ga wanda ya yi aiki daga 6 ga Afrilu 1917 zuwa gaba. Ɗaya ake bayarwa, ba duka biyu ba. Tambarin yana da girma uku, da hoton naɗaɗɗiyar tuta a tsakiya, kalmar da ke nuna tsohon soja ne a sama, sunan rundunarsa a ƙasa, kuma yana zuwa da gam da kayan mannawa. A manna shi a kan dutse busasshe mai tsafta, a wuri mai santsi, ba ranar tsananin sanyi ba, domin gam ba ya kama dutse mai raɓa ko mai ƙura.

Wannan tambari shi muke ba da shawara ga iyalin da ke son daji da masana'anta su fito a kabarin, ga dalili. Dutsen gwamnati yana da dokar rubutu mai tsauri. Dole a sa cikakken suna na hukuma, runduna, shekarar haihuwa da ta rasuwa. Ana iya ƙara muƙami mafi girma da ya kai, yaƙin da aka yi a zamaninsa, lambobin yabo idan akwai takardar shaida, da alamar addini daga jerin da aka amince da shi, wanda ya ƙunshi gicciye iri-iri, tauraron Dauda, da jinjirin wata da tauraro na Musulmi. Bayan wannan, ban da alamar lambar girma mafi daraja ta ƙasar da wasu alamomin yaƙin basasar Amurka, ba a sassaƙa wani zane. Babu kifi, babu barewa, babu kwalekwale, babu tambarin ƙungiyar ƙwadagon da ya biya wa kuɗin wata-wata shekara talatin. Mun fahimci hikimar: janar da kurtu su kwanta ƙarƙashin dutse iri ɗaya, kuma wannan daidaito yana da nasa kwarjini. Amma ga mutumin da shekarun kakinsa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na rayuwarsa ba, dutsen yana ba da labari kaɗan. Dutsen da iyali suka saya da kansu suna iya sa mai sassaƙa ya zana masa tafkinsa da itatuwansa, sannan tambarin tagulla ya faɗi sauran.

Wanda ya zaɓi dutsen gwamnati duk da haka yana da 'yan layuka a ƙasa, idan wuri ya rage. Ana yarda da kalmomin ƙauna, da laƙabi a cikin jimla, da wani matsayi na farar hula, muddin VA ta ga rubutun ya dace. Wurin ƙanƙane ne, faɗin inci 13 ba ya ɗaukar haruffa da yawa, kuma kowace lambar yabo da aka ƙara tana cin layi. Iyali su zauna su zaɓa tun kafin cike fom. Kalma biyu ko uku da ke cewa miji ne, kaka ne, masunci ne, sun fi doguwar jimlar da za a datse. Game da sunan yaƙi akwai abin lura: ana iya rubuta Vietnam ga wanda ya yi aiki a zamanin yaƙin ko da bai taka ƙasar ba. Wasu tsofaffin sojoji ba sa son a rubuta musu abin da zai sa a zaci sun je fagen da ba su je ba. Idan ya taɓa faɗin ra'ayinsa a kan haka, a bi shi.

Dutsen na isowa a buɗe shi a duba kafin a sa hannu: tsagewa, ɓallewar kusurwa, harafin suna, ranaku. Idan kuskuren rubutu ne, ko ya lalace a hanya, ko daga baya aka sace shi ko ya goge har ba ya karantuwa, ana sauya shi kyauta. Idan ma'aikatan makabarta mai zaman kanta ne suka fasa shi, su za su biya. Dutsen kuma mallakin gwamnati ne har bayan an kafa shi, ba a mayar da shi dandamalin ƙofa ko adon lambu.

Akwai iyalan da ke ƙona gawa su watsa tokar a dajin ko ruwan da mamacin ke so. Su ma suna iya neman dutsen tunawa da ke farawa da kalmomin da ke nuna don tunawa aka kafa shi, a sa shi a makabarta. Tun 2024 ana kuma ba da allon tunawa na katako ko tukunyar ajiye toka. A karanta sharaɗin da kyau: wanda ya karɓi ɗayansu ya sarayar da haƙƙin dutse da na binnewa a makabartar ƙasa, kuma ba a warware wannan. Bai kamata a yanke irin wannan shawara cikin makon makoki ba.

Tutar ƙasa da ake lulluɓe akwatin gawa da ita ana neman ta da fom 27-2008, a ofishin VA ko a gidan waya, kuma yawanci kamfanin jana'iza ne ke karɓowa. Ƙafa 5 ce da ƙafa 9 da rabi, ta auduga. Guda ɗaya ake bayarwa, ba a sake ba da wata idan ta ɓata ko ta ƙone. Ba ta rataya a waje ba ce, rana da ruwa za su cinye ta cikin ɗan lokaci. Kuskuren da ake yawan yi shi ne sayen akwatin gilashi mai kusurwa uku wanda aka yi wa tutar gida mai ƙafa 3 da 5. Ba za ta shiga ba. Naɗaɗɗiyar tutar jana'iza gindinta ya kai kusan inci 24, don haka a nemi akwatin da aka rubuta ƙarara cewa na tuta mai 5 da 9 da rabi ne, a auna cikinsa, ba wajensa ba. A rataye shi a bangon da rana ba ta dukansa, kuma a kafa ƙusa cikin katakon bango, domin da gilashi da tuta nauyin ba kaɗan ba ne. Akwai akwatuna masu ƙarin fili a ƙasa, kuma wannan fili ne mafi dacewa da lambobinsa na soja, bajen shekarun aiki na masana'anta, lasisin farautarsa na ƙarshe, da ƙugiyar da ya fi so.

Karramawar soja a wurin jana'iza ba aikin VA ba ne, na ma'aikatar tsaro ne, kuma kamfanin jana'iza ke nema. Tun farkon shekarar 2000 doka ta wajabta a turo aƙalla sojoji biyu cikin kaki, ɗaya daga rundunar mamacin, su naɗe tuta su miƙa wa iyali, a kuma busa Taps, gajeren busan bankwana mai sauti 24. A ba su sanarwar aƙalla awa 48. Harbin bindiga sau uku ba ya cikin abin da doka ta lamunce wa kowa, sau da yawa 'yan sa-kai na ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion da VFW ne ke yi, kuma sai an nema. Masu busa begila na gaske sun yi ƙaranci, shi ya sa akan zo da begila mai na'ura a cikin bakinta, soja ya ɗaga ta, sautin da aka naɗa ya fito. Ana yin hakan cikin ladabi, amma kunne yana bambancewa. Ƙungiyar Bugles Across America, wadda aka kafa a 2000, tana haɗa iyalai da masu busa na sa-kai ba tare da kuɗi ba, kuma ya cancanci a tuntuɓe su. Miƙa tutar nan, soja ya durƙusa gaban matar mamaci ko ɗansa, shi ne lokacin da ya fi taɓa zuciya a duk hidimar, kuma ba kasafai ake samun aibu a yadda suke yinsa ba.

Takardar tunawa mai sa hannun shugaban ƙasa, wadda aka fara bayarwa a 1962 zamanin Shugaba Kennedy, ana neman ta da fom 40-0247. Ana iya neman kwafi fiye da ɗaya, don kowane ɗa ya samu nasa.

Wuri guda da hukuma ta bar wa iyali su faɗi labarin gaba ɗaya shi ne shafin intanet na Veterans Legacy Memorial, wanda aka buɗe a 2019. Miliyoyin tsofaffin sojoji suna da shafinsu a can, har da da yawa daga cikin waɗanda ke makabartu masu zaman kansu da suka karɓi dutse ko tambarin VA. Ana sa hotuna, tarihin rayuwa, takardu da kalaman ta'aziyya, kuma ana tantance komai kafin ya bayyana, don haka ba ya fitowa nan take. Shafuka da yawa babu komai a kansu sai suna da ranaku, abin da ke da ban takaici ganin cewa kyauta ne. A rubuta abin da za a iya riƙewa: sashen da ya yi aiki a masana'anta, injin da ya riƙe, shekarar da ya yi ritaya, sunan tafkin da yake zuwa, wanda ya koya wa ɗaura ƙugiya. A sa sunayen mutanen da ke cikin kowane hoto da shekarar da aka ɗauka, domin jikoki ba za su gane su ba.

Wankin dutsen, idan yana makabarta mai zaman kanta, ruwa ne mai yawa da burushi mai laushi, a fara daga ƙasa zuwa sama don kada datti ya bar zane. Kada a sa bilic, yana barin gishiri a cikin mabul da ke ruɓar da shi daga ciki. Kada a sa burushin waya ko injin feshin ruwa mai ƙarfi. Idan gansakuka ta kama, maganin D/2 da masu kula da tsofaffin duwatsu ke amfani da shi ana fesa shi a bar shi, yana ci gaba da aiki har makonni bayan an tafi. Allon tagulla kuwa ruwa da ɗan sabulu mara ƙarfi sun ishe shi, a tsane shi da ƙyalle, kuma a yanke ciyawar gefensa da hannu sau biyu a shekara kafin ta rufe haruffan ƙasa.